Legas Ɗin Da Ban Je Ba

Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Satumba, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare a Kafanchan, na tsaya a gaban allo riƙe da littafin rubutuna. Iyayen yara sun cika bencinan bayan aji, wasu na leƙe ta taga. An yi ruwa da safe, har lokacin kwanon rufin yana ɗiga cikin bokitin da malamarmu, Malama Rifkatu, ta ajiye a kusurwa. Ranar ce makaranta ta ware don iyaye su zo su ga aikin 'ya'yansu, kuma duk ajin ni aka zaɓa in karanta abin da na rubuta da Turanci kan yadda na yi dogon hutu. Na san Baba yana aikin rana a tashar jirgi, don haka hankalina kwance na soma. Ina kai layi na uku, inda na ce mahaifina ya kai ni Legas a jirgin ƙasa, sai na ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofa cikin shuɗin kayan aikinsa, yana goge hannu da tsumma, yana murmushi tun bai ji abin da nake faɗa ba. A lokacin ban taɓa taka Legas ba. Wani ƙauye da ake kira Nok Baba ya kai ni, a bayan babur.

A kwatas ɗin reluwe muka tashi, jerin gidaje masu jan bulo da bishiyoyin mangwaro, inda kowane gida yake jin abin da maƙwabcinsa ya soya. Mahaifina, Malam Sule, aikinsa bin taragu da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu, daga ƙarar yake gane wadda ta tsage. Da kukan jirgi muke sanin lokaci. In na Fatakwal ya shigo, Inna ta ɗora mini farantin dafaffiyar gyaɗa in ruga tasha, in bi tagogi ina miƙawa, in dawo in tarar da layin famfo yana jirana. Da yamma mu zana gala-gala a ƙasa ni da aminiyata Ngozi, wadda gidansu ke manne da namu, mu yi ta tsalle har iyayenmu su kira mu da harsuna biyu. Abin da ya fi komai daraja a wurin 'ya'yan kwatas shi ne fas, takardar da ake ba ma'aikaci ya shiga jirgi kyauta da iyalinsa. Da an rufe makaranta a watan Yuli, rabin yaran layinmu sun watse, wasu Inugu, wasu Jos, wasu Kano, su dawo da sababbin takalma da labarin da za su yi wata guda suna ja mana rai da shi.

Baba yana da fas kamar kowa, amma ba ya damuwa da ita. Shi abin da yake so tsofaffin wurare ne, waɗanda ke gefenmu ba wanda ke waiwayarsu. Bai yi boko mai nisa ba, Turancinsa na wurin aiki ne, amma duk inda ya ji an ce mutanen da sun zauna, sai ya je ya gani da idonsa. Ya ɗora wa kansa cewa duk ɗan da ya kai shekara goma, zai kai shi irin wannan wuri su biyu kaɗai. Ya hau Dutsen Kagoro da yayana Bala suka ga inda mutane suka zauna a can sama. Da layi ya zo kaina, na riga na gama shirya wa kaina Legas a zuci, don ina da gwaggo a can. Sai wata safiya Baba yana shan koko ya ce, “Hajara, na karɓi hutun kwana uku. Zan kai ki garin da ya girmi Legas da Kano duka.” Na tambaye shi wane jirgi ke zuwa can. Ya yi dariya ya ce jirgi bai isa ba.

Mun tashi da sassafe a watan Agusta, ƙullin kayana a tsakanina da bayansa. Hanyar Kwoi shar take da kore, gonakin citta sun lulluɓe ƙasa hagu da dama, an shimfiɗa musu ciyawa a gindi, mata na sunkuye suna cire haki. Baba yana tuƙi yana nuna mini duwatsu yana kiran sunayensu, iska na kwashe rabin maganar. Ni kuwa na kifa goshi a bayansa na ƙi ɗagowa. Bayan mun bar kwalta ruwa ya sauko, muka fake a rumfar wata mai gasa masara, ya saya mini biyu, na ci ɗaya na riƙe ɗayar har ta huce don dai ya san ban ji daɗi ba. Can gaba wani rafi ya cika ya haye hanya. Baba ya naɗe wando, ya goya ni ya ƙetarar, ya koma ya turo babur ɗin ruwa har gwiwarsa. Da ya iso yana haki yana dariya, ya ce, “Kin ga, ko masu zuwa Legas ba a goya su.” Ban yi dariya ba.

Mun sauka a gidan Baba Yohanna, tsohon abokin aikinsa da ya yi ritaya ya koma gida noma. Dogo ne, ya rasa haƙoran gaba, da ya ga Baba ya rungume shi har ƙafafunsa suka kusa barin ƙasa. Matarsa, Mama Saratu, ta riga ta share mana ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ajiye buta, ta nuna wa Baba gabas tun bai tambaya ba. Zakara ɗaya na gani a gidan. Baba Yohanna ya kamo shi ya miƙa wa Baba wuƙa ya ce shi ya yanka, don mu ci hankali kwance. Duk wannan na gan shi, kuma a shekara goma na isa in san abin da yake nufi. Amma da aka kawo gwaten acca da yakuwa, na bi Baba bayan madafa inda yake wanke hannu, na ce, “Baba, wai nan ne hutun? Ko lantarki babu. Ƙauye ne fa kawai.” Ban san Mama Saratu na tsaye a bayanmu da ƙwaryar ruwa ba. Ta ce, “Gaskiya ne, 'yata, ƙauye ne. Amma ci abinci tukuna, ka sha hanya.” Haka suke magana, mace da namiji duk “ka” suke ce musu, mun saba da jin haka a kasuwa. Baba ya daɗe yana wanke hannun da ya riga ya fita.

Washegari Baba Yohanna ya ɗauki sanda ya shige gaba. Muka bi ƙaramar hanya ta cikin gonaki, raɓa ta jiƙa mini zane har cinya, muka hau dutse ya nuna mana koguna inda ya ce kakanninsa suke ɓoye mata da yara da hatsi in yaƙi ya taso. Ya tsugunna a wani wuri ya tono baƙaƙen dunƙule masu nauyi, ya ɗora mini ɗaya a tafi, ya ce ragowar narka tama ce, a nan mutane suka fitar da ƙarfe daga dutse tun ba a san Bature ba. Daga nan muka gangara wani ƙaramin gini da aka ajiye abubuwan da aka tono. Mai tsaron ya tafi gona, sai da aka je aka kira shi, ya zo da laka a ƙafa ya buɗe mana. Ciki akwai duhu da warin jemage, har idona ya saba na soma ganin fuskoki. Kawunan gasasshen yumɓu ne, wasu sun ɓalle daga wuya, wasu rabin fuska kaɗai ya rage, idanunsu masu kusurwa uku da huji a tsakiya. Baba Yohanna ya ce masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irinsu, kuma masana sun ce sun haura shekara dubu biyu.

Akwai ɗaya da na kasa wucewa. An yi mata kitso an tattara gashin dunƙule-dunƙule a saman kai, daidai irin wanda Inna ke yi mini in Sallah ta matso. Leɓenta a ɗan buɗe yake kamar an katse ta tana cikin magana. Na tsaya ina tunanin wa ya yi mata kitson, ko ita ma ta yi kuka da aka ja mata gashin ƙeya, ko tana da ƙawa a gidan da ke manne da nasu. Na manta da Legas, na manta ina fushi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai da na juyo na ga Baba ba kawunan yake kallo ba, ni yake kallo, fuskarsa cike da jin daɗin da ban taɓa gani a kanta ba. Abin da na yi a nan shi ne ya fi damuna har yau. Na ɗaure fuska da gangan, na ce ƙafata na ciwo, mu tafi. Na ji daɗin wurin, na kuma hana shi ya sani, don kada a ce shi ya yi gaskiya.

Ranar da za mu koma, Mama Saratu ta ɗaure mana citta da gyaɗa a bayan babur. Baba Yohanna ya dafa kaina ya ce, “Babanka ya ce kai ne na ɗaya a rubutu. In ka koma makaranta ka rubuta abin da ka gani. Yaranmu na nan ba ya yarda wai mutum zai taso daga gari don wannan abu. Ka aiko mini, zan kai coci a karanta musu.” Na ce to. Baba ya amsa da ƙarfi fiye da ni, ya ce ai da kansa zai kawo.

Ranar da aka koma makaranta, muka taru a gindin mangwaro lokacin tara, kowa na baje kolinsa. Ngozi ta yi hutunta duka a Inugu, ta dawo da agogon roba. Wani ya ga zaki a Jos, wata ta hau bene mai hawa da yawa a Kaduna. Da aka juyo kaina, na ji sunan Nok a bakina gajere, ba ya da ƙyalli, na hango yadda za su tambaye ni ko a ina yake. Sai na ce Legas. Da na faɗa sau ɗaya, sauran ya zo da sauƙi. Na haɗa labaran gwaggona da hoton kalandar da ke ɗakin su Ngozi, na gina teku da gadoji da motoci masu launin rawaya. Da Malama Rifkatu ta ce mu rubuta yadda muka yi hutu, na cika shafi biyu, har na sa Baba ya riƙe hannuna a bakin teku don kada igiyar ruwa ta ja ni. Ta ba ni makin da ya fi na kowa, ta ce ni zan karanta a gaban iyaye. A gida na ce wa Inna taron ba wani abu ba ne, ba sai an zo ba. Ashe malamar ta haɗu da Baba a kasuwa ta ce masa lallai ya zo ya ji 'yarsa, shi kuma ya roƙi wani ya riƙe masa aiki na awa ɗaya, yana zaton labarin Nok zai ji.

Da na gan shi a ƙofar, ban tsaya ba. Ban san yadda ake tsayawa ba. Na karanta tekun, na karanta gadojin, na karanta hannunsa da ya riƙe nawa. Turancinsa ya isa ya gane kowace kalma. Ban ƙara ɗaga kai ba, amma ina ganin takalmansa, ba su motsa ba har na gama. Aka tafa. Malama Rifkatu ta juya wurinsa ta ce, “Malam Sule, ka kyauta. Ba kowane uba ke kai 'yarsa Legas ba.” Baban Ngozi, wanda suke aiki tare, ya san kwana uku kacal Baba ya karɓa, ya kuma ga tafiyarmu a babur, ya waiwayo daga benci yana kallonsa. Mahaifina mutum ne da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko ta wasa. Ya dubi malamar ya ce, “Malama, ke kika kyauta. Yarinyar ta iya rubutu.” Ya yi sallama ya koma tasha.

Na wuni ina jiran duka. Da la'asar ya dawo ya zauna a gindin mangwaro yana wanke sarƙar babur da kananzir, ya kira ni in riƙe masa gwangwanin. Na tsuguna na riƙe. Sai da ya kusa gamawa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Hajara, me kika gani a Nok da ya ba ki kunya?” Na sunkuyar da kai ina kallon gwangwanin. Ya ce, “Mutanen ne, ko ni?” Hawaye suka zubo mini. Ga maganar nan a ƙirjina, cewa na ga mai kitson, cewa har mafarkinta na yi, cewa ƙafata ba ta yi ciwo ba. Da na faɗa a lokacin, na san da ya wuce. Ya jira ni kaɗan, ya goge hannu, ya ce, “Ni na ɗauka na kai ki wurin da ya fi. Je ki taya Innarki aiki.” Bai gaya wa Inna ba, bai sake tayar da zancen ba.

Bayan an haƙe citta, Baba Yohanna ya shigo Kafanchan kasuwa ya biyo ta gidanmu. Ina jin muryarsa na shige madafa na laɓe a bayan ƙofa. Na ji ya ce, “Ina takardan 'yata? Na riga na gaya wa fasto.” Baba ya ce, “Yara sai a hankali, Yohanna.” Sau biyu na yagi takarda na soma rubutawa, sau biyu na cusa ta a murhu, don ina ganin in na rubuta gaskiya sai na fara da amsa cewa na yi ƙarya. Na ce sai wani hutun. Ina aji uku na sakandare aka aiko cewa Baba Yohanna ya rasu. Baba ya hau babur ya tafi jana'izar shi kaɗai.

A hutun da ya biyo bayan karatun nan nawa, Baba ya karɓo fas ya miƙa wa Inna, ya ce ta kai mu Legas wurin gwaggo. Ya raka mu tasha, ya bi taragunmu da gudumarsa ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa, ya ɗaga mana hannu, bai bi mu ba. Na ga tekun, ya fi wanda na rubuta girma, na tsaya a bakinsa ba wanda ya riƙe mini hannu. Da ƙanwata Asabe ta cika shekara goma, ta tsaya a gabansa ta ce, “Baba, ni ina za ka kai ni?” Ya ce, “Ke ma za ki bi su a jirgi, ya fi daɗi.” Ta yi murna, ba ta san an hana ta komai ba. Sai da muka yi aure duka na iya gaya mata cewa ni na cinye mata tafiyarta. Ta yi dariya ta ce ita ba ta ga abin damuwa ba, wanda hakan bai rage mini komai ba.

Yanzu ina aiki a Abuja, kuma na ga hotunan kawunan Nok a bangon manyan ofisoshi da littattafan 'ya'yana. Na ji mutanen da suka ƙetaro teku suna tambayar yadda ake zuwa can. Bara da na sami hutu, abokan aikina na shirin Legas da ƙasashen waje, na ɗauki 'yata Maryam, mai shekara tara, muka nufi Kafanchan. Ciyawa ta rufe dogo, famfon layinmu ya daɗe da ƙafewa, sai a yi wata da watanni ba a ji kukan jirgi ba. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na ce ya zo mu je Nok a mota, ba ruwansa da rafi. Ya ce, “Ku je ku dawo. Waɗanda zan je wurinsu ba sa nan.” Mama Saratu ma ta rasu, jikokinsu muka tarar a gidan, suka karɓe mu da ruwa da gyaɗa da na faɗi sunan mahaifina.

Na shirya wa ƙorafin Maryam, har na tanadi haƙurin da zan ba ta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta hau dutsen a guje, ta leƙa kowane kogo, ta ishi wanda ya zagaya da mu da tambaya har ya zauna yana dariya. Da muka dawo da yamma ta faɗa kan tabarmar kakanta tun ba ta cire takalmi ba, ta soma ba shi labari daga farko, gonakin citta, baƙin dunƙulen tama, idanun nan masu huji. Baba ya lumshe ido ya jingina da bango, yana tambayarta ko har yanzu hanyar na bi ta gindin babban dutse, ko ta ga kaza, ko ta taɓa kaza. Duk abin da ta faɗa sai ya ce, “Haka ne, haka yake.” Na tsaya a bakin ƙofa da jakunkuna a hannu ina kallonsu. Da ta fita shan ruwa na durƙusa kusa da shi na ce, “Baba, ni ma na ji daɗinsa a wancan lokacin. Ƙarya na yi da na ce ƙafata na ciwo.” Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, “Na sani, Hajara. Ai ina kallonki. Ni ba komai. Yohanna ne dai ya yi ta jira.”

Maryam ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, ni kuma na tashi na shiga madafa na hura wuta. A da muna da jirgi da fas da duk ƙasar a gabanmu, muna ganin abin da ke nesa ne kaɗai abin zuwa gani. Yau jirgin ya tsaya, hanyar Nok tana nan, ina da mota da hutu da alƙalami, kuma mahaifina ya yafe mini. Wanda na yi wa alkawarin ne ba ya nan.